Mutum Kafin Ƙarfe: Jawabi Ga Masu Babur A Kan Tsare Jiki Da Ta Da Babur In Ya Faɗi

Jama'a, maganar da aka tanada a wannan jawabi a kan babur ce, da mutumin da ke bisa kansa. Ba za a tsaya faɗin amfanin babur ba, gama kowa ya sani. Abin da za a duba shi ne ranar da babur ya kwanta: me zai tsare mahayi kafin ya kai ƙasa, me kuma ya kamata ya yi bayan ya kai. Da wuya a sami wanda ya daɗe yana hawa bai taɓa faɗuwa ba, ko da a tsaye ne a ƙofar gida. Tun da haka ne, wajibi ne kowane mahayi ya yi wa wannan rana shiri.

An ɗauki Kafanchan da ƙasar kudancin Jihar Kaduna don misali, domin kusan duk abin da ke ka da babur a Nijeriya akwai shi a can. Ƙasa ce mai yawan ruwan sama, damina kan kama tun daga Afrilu har Oktoba, jar ƙasarta kuwa in ta sha ruwa santsinta sai ka ce sabulu. Akwai hawa da gangara a gindin duwatsun Kagoro da hanyar Manchok. Akwai hanyoyin gona a ƙasar Kachia da Kwoi, inda babur ke fito da buhunan citta daga wuraren da mota ba ta shiga. Sa'an nan ga layin dogo. Tun cikin shekarun 1920 Kafanchan ta zama mahaɗar jirgin ƙasa, inda hanyar da ta taso daga Fatakwal ta rabu, reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau Jos. Ko jirgi na zuwa ko ba ya zuwa, ƙarfen dogo yana nan a shimfiɗe. Wanda ya tsallaka shi a karkace, balle da safiyar raɓa ko bayan ruwa, tayar gaba sai ta bi ƙarfen ta zame. Daidai shi ne a rage gudu tun daga nesa, a fuskanci dogon kai tsaye, a tsallaka ba tare da an taɓa birki a kansa ba.

Dattawa za su tuna yadda babura suka yawaita bayan ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975, sa'ad da malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan reluwe suka ajiye kekuna suka sayi Honda da Suzuki da Vespa. A yau Bajaj Boxer da 'yan'uwansa sun shiga kowane ƙauye. Babur irin wannan nauyinsa ya haura kilo 100 tun ba a ɗora masa kome ba. In aka ƙara buhun masara da mutum biyu, to, abin da ke bisa tayoyin nan biyu ya ninka haka har sau uku.

Da yawa daga masu sayen sabon babur, kafin su kai shi gida sai sun biya ta wurin mai walda ya sa musu ƙarfen nan da ke fitowa dama da hagu a gaban inji, wanda wasu ke kira gad. Mutum ya biya kuɗinsa, ya hau, zuciyarsa ta kwanta cewa ƙafarsa ta tsira. A nan akwai gyara.

Ƙarfen yana da amfani, ba a musu. In babur ya kife a tsaye ko yana tafiya sannu, shi ke fara taɓa ƙasa, ya tsare inji da tanki, ya bar ɗan sarari yadda ƙafa ba za ta danne ba. Har wa yau yakan hana babur kwanciya shame-shame, saboda haka ta da shi yakan zo da sauƙi. Amma in ana gudu, labari ya sake. A 1981 aka fitar da rahoton wani babban bincike a Amurka, wanda Farfesa Harry Hurt na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya shugabanta. Sun bi diddigin haɗarin babur har 900 a yankin Los Angeles, suna zuwa wurin da abin ya auku suna aunawa. Abin da suka tarar game da wannan ƙarfe shi ne, raunin da ya rage a idon sawu da tafin ƙafa, ya ƙaru a ƙwauri da gwiwa da cinya, har ribar da hasarar suka tashi daidai. Baburansu sun fi na nan girma, gaskiya ne, amma ƙashin ɗan Adam ɗaya ne ko'ina. Watau gad kayan tsaron babur ne, mahayi kada ya lissafa shi cikin kayan tsaron jikinsa.

Wanda zai sa shi, ya lura da irin wanda zai sa. Na siririn bututu yakan lanƙwashe ya matse ƙafar da aka ce zai tsare. Mai kaifin baki ko tsinin rodi yakan yanka. Wanda ya cika faɗi yakan kamo kututture a hanyar gona, ko gefen mota a cikin kasuwa, ya ka da mutumin da dā zai wuce lafiya. Ya fi kyau a ɗaure shi da noti a inda masu ƙera babur suka tanada, da a narka shi da walda a jikin ƙashin babur, domin zafin walda yana raunana ƙarfe.

Abin da ke tsare rai kuwa, hular kwano ce. Asalin maganarta yana da ɗan tarihi. A 1935 wani shahararren sojan Ingila, T. E. Lawrence, wanda ya yi suna a yaƙin ƙasashen Larabawa, ya faɗi da babur kusa da gidansa, kansa ba hula, ya rasu bayan kwana shida. Cikin likitocin da suka duba shi akwai Hugh Cairns, masanin aikin ƙwaƙwalwa. Abin ya tsaya masa a rai, ya shiga binciken mutuwar sojoji masu kai saƙo a kan babur, har a 1941 rundunar sojan Ingila ta tilasta musu sa hular. A 1973 doka ta game kowane mai babur a ƙasar.

A nan gida, Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Ran 1 ga Janairu 2009 hukumar ta soma matsa wa masu babur da fasinjojinsu lamba a kan sa hular kwano. Abin da ya biyo baya ya ba duniya dariya, har gidajen rediyon ƙasashen waje suka ɗauka: wasu suka kifa ƙwarya a ka, wasu robar fenti, wasu tukunya, don dai su wuce jami'i. Jami'in za a iya ruɗa, amma kwalta ba ta ruɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kimanin mutum 1,190,000 ke mutuwa a hanya kowace shekara a duniya, ta kuma ce hular kwano ta ƙwarai, in an sa ta daidai, tana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da abin da ya kai kashi 74 cikin 100.

Mutane da yawa suna zaton taurin bayan hular shi ne maganin. Aikin ɓawon waje shi ne ya baza bugun ya hana tsini shiga. Babban aikin yana ga farin soson nan mai tauri da ke ciki, irin wanda ake samu cikin kwalin sabon rediyo. In kai ya bugi ƙasa, soson ne ke murƙushewa, ya shanye ƙarfin bugun, ƙwaƙwalwa ta tsaya a hankali maimakon ta daki ƙoƙon kai. Daga nan abubuwa biyu suka fito. Hular magina da ta ma'aikatan lantarki ba ta da wannan soso, an yi ta ne don abin da zai faɗo daga sama, ba ta isar mai babur. Kuma hular da ta riga ta sha bugu mai ƙarfi ta gama aikinta, ko da bayanta bai nuna tsaga ba, gama soson da ya murƙushe ba ya komowa. Mai saye ya duba cikin hular ko igiyarta, galibi mai kyau tana da alamar gwaji, kamar harafin E cikin da'ira. Ya zaɓi wadda ta kama kansa ba ta jujjuyawa, in da hali mai rufe haɓa. Sa'an nan ya ɗaure igiyar. Hular da ba a ɗaure ba takan riga mai ita isa ƙasa, ita can, shi can. Masu ƙyamar sa hular da wani ya sa, saboda gumi ko cutar fata, suna da hujja, amma maganin abin ɗan ƙyalle ne mai tsabta a ƙarƙashinta.

Sauran jiki ma yana da hakki. Mai faɗuwa hannu yake fara kaiwa ƙasa, ba da saninsa ba, don haka safar hannu ta fata tana da rana. Silifa ba takalmin babur ba ne, a sa mai rufe idon sawu. Babbar riga da zane da gyale da dogon hijabi a tattare su a danne kafin a tashi, domin in sarƙa ko wayar taya ta kama bakin tufa, sai ta fizgo mai ita ta baya. Mata da yara da ake goyowa su ne suka fi shan ƙunar salansa a ƙwauri, wajibi ne mai babur ya nuna musu inda za su sa ƙafa tun kafin su hau.

Duk waɗannan kaya suna da iyaka, gudu ne ke yanke iyakar. Wanda ya yi karo yana tafiyar kilomita 50 a awa, kamar ya faɗo ne daga tsawon mita 10, watau ƙwanƙolin bene mai hawa uku. In gudu ya ninka biyu, ƙarfin bugu sau huɗu yake ninkawa. A tuna da wannan musamman a ƙarshen shekara, lokacin Kirsimeti da bikin Afan na Kagoro ran 1 ga Janairu, sa'ad da hanya ke cika da baƙi, hazo ya rufe gari, wasu kuma suka hau babur bayan sun sha burkutu ko ƙwaya.

To, an faɗi. Me ya kamata a yi?

Abin da aka saba gani shi ne, mutum ya yi wuf ya miƙe, ya waiga ko an gan shi, ya sunkuya ya fizgi babur da ƙarfin tsiya. Kunya ce ke sa haka, ita ce kuwa ke mai da ƙaramar faɗuwa babba. A wannan lokaci jini ya hau, jiki bai soma faɗin gaskiya ba tukuna, mutum yana iya tsayawa a kan karyayyar ƙafa bai sani ba. Babur da ke kwance ba abin da zai ƙara samunsa in ya yi minti biyar a haka. Mahayi ya fara janye jikinsa daga tsakiyar hanya, ya kashe inji da makulli, ya rufe makunnin mai. Kashe injin nan ba ƙaramin abu ba ne. Sau da yawa babur yana kwance tayar baya na juyawa, mai shi ya cafki hannun dama ya murɗa totur bai sani ba, taya na taɓa ƙasa babur ya zabura da shi cikin jama'a. In fetur ya zuba, kada kowa ya matso da taba. Daga nan ya zauna, ya motsa yatsu, ya shafa haƙarƙari da wuya, ya duba fasinjansa.

In akwai wanda ya ji ciwo ƙwarai, a manta da babur. A sa mutum ya tsaya daga nesa yana tsai da motoci. Wanda ke kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada a ja shi, kada a zaunar da shi, kada a naɗe shi a cusa a bayan mota. A bar hularsa a kansa, sai fa in numfashi ya toshe ko yana amai. In tilas ne a ɗauke shi, mutum uku ko huɗu su ɗaga shi a miƙe bisa ƙyaure ko faffaɗan katako, ɗaya yana riƙe da kai daidai da jiki. Jini a danne shi da ƙyalle mai tsabta. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa. Ƙunar salansa a yi ta kwarara mata ruwa mai sanyi har kamar minti 20, ban da baƙin mai, ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai. Lambar kiran Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122, ta neman agajin gaggawa ta ƙasa kuwa 112. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar wanda ke bukatar taimakon gaggawa.

Akwai wani mugun abu game da bugun kai da ya kamata iyali su sani. Mutum yakan tashi garau, ya yi magana, har ya kai kansa gida, alhali jini yana taruwa a hankali cikin ƙoƙon kai. In aka ga amai, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko barci mai nauyi, ko ruɗewar magana, ko ruwa ko jini na fita ta kunne ko hanci, a nufi babban asibiti, kamar na Kafanchan, ko da tsakar dare ne. Kada a jira gari ya waye. Karayar da ƙashi ya huda fata ita ma ta asibiti ce. Masu ɗori suna da matsayinsu a wurin jama'a, amma ɗaurin da ya matse har yatsu suka yi sanyi ko suka sake launi yana kashe gaɓa, ƙarshensa yankewa.

In kowa lafiya, sai a juya ga babur. A fara kwance kaya. Buhun citta ko na masara da ke ɗaure a baya ya kusa nauyin babur ɗin kansa, ƙyashin kwance igiya kuwa shi ya jawo wa mutane da yawa ciwon baya na shekaru. Sa'an nan a hana tayoyi gudu. In babur ya kwanta ta dama, giya tana sama, a sa shi a giya ta ɗaya, kana a buɗe ƙafar jingina tun yana kwance, don in ya miƙe kada ya zarce ya kife ta ɗaya gefen. In ta hagu ya kwanta, giya tana ƙasa ba a kai gare ta, sai a matse hannun birkin gaba a ɗaure da robar ɗaurin kaya, wadda ba mai babur da ke rasa ta. In a gangara ne, kamar yadda yakan faru a gefen dutse, a ja babur a ƙasa a juya shi har tayoyinsa su koma wajen gangare, mai ɗagawa ya tsaya ta wajen tudu. Wanda ya yi ƙoƙarin ta da shi tayoyi suna sama, da shi da dutsen yake kokawa.

Ga yadda ake ɗagawar. A murɗa kan babur zuwa gefen da ya faɗi har ya tsaya, hannun da ke ƙasa ya matso kusa da tanki. Mutum ya juya wa babur baya, ya tsuguna, ya dafa ƙugunsa a gefen sirdi. Hannu ɗaya ya kama hannun babur na ƙasa, ɗaya ya kama ƙarfe mai ƙwari a bayan sirdi, ba roba ba, ba salansa ba. Ƙafafu su ɗan yi gaba, a ware, a kan ƙasa mai tauri. In laka ce ko tsakuwa, a share wurin tukuna. Ya ɗaga haɓa ya dubi gaba, domin mai duban ƙasa bayansa lanƙwashewa yake yi. Hannuwa su tsaya a miƙe, riƙo ne kawai aikinsu. Sai ya tura da cinyoyi, yana ja da baya da ƙananan taku, kaɗan kaɗan, kamar mai tura ƙyauren da ya cije. Farkon ɗagawa shi ne mai wuya, da zarar babur ya rabu da ƙasa tayoyi suna karɓar nauyin, kowane taku ya fi na baya sauƙi. In ya kusa miƙewa a sassauta turi. Wanda ya faɗi ta dama a bar shi ya sauka a hankali bisa ƙafar jinginar da aka buɗe. Wanda ya faɗi ta hagu a tokare shi da ƙugu, a sauke ƙafar jinginar da diddige.

Dalilin wannan dabara a fili yake. Naman cinya yana cikin waɗanda suka fi ƙarfi a jikin mutum, ƙashin baya kuwa jerin ƙananan gaɓoɓi ne da faifan guringuntsi a tsakaninsu. Mai sunkuyawa ya ja da hannu, a kan faifan nan yake tara nauyin duka, in ɗaya ya gurɗe ya danne jijiya, ciwon yakan sauka har ƙafa. Da wannan hanya mace ko dattijo suna iya ta da babur da ƙato zai sha wuya a kansa da fizga. Ƙaramin babur irin roba-roba ana iya fuskantarsa a kama kansa da hannu biyu, amma ko shi ma a tsuguna, baya a miƙe. Mai ciki, da mai gwaiwa, da wanda aka yi wa aiki bai daɗe ba, da mai tsohon ciwon baya, kada su gwada ko kaɗan. In an gwada sau biyu abin ya ƙi, a huta a nemi taimako, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dai in mataimaka sun zo, mutum ɗaya ya riƙa ba da umurni, a kuma gaya musu inda za su kama, kada wani ya sa yatsa a sarƙa ko ya rungumi inji mai zafi. Kyakkyawar shawara ce sabon mahayi ya kwantar da babur ɗinsa a kan ciyawa a gida, tanki ba mai da yawa, wani na tsaye kusa, ya koyi abin tun ranar bukata ba ta zo ba.

Babur ya miƙe, saura dubawa. A bar shi ya ɗan tsaya, baƙin mai ya koma mazauninsa. A kwance robar da aka ɗaure birki. A matsa birkin gaba da na baya a ji sun kama, a murɗa totur a ga yana komowa da kansa, a duba hannun kuloci ko ya tsage, sarƙa ko ta goce, ƙasa ko mai na ɗiga. Babur mai kafireta yakan ƙi tashi bayan ya kwanta domin fetur ya yi masa yawa, ɗan jinkiri ne maganinsa, ba a yi ta dukan kik ba. In an tashi, a fara tafiya sannu a gwada birki kafin a shiga babbar hanya. In kuwa aka ji babur yana ja gefe ɗaya, ko kansa yana kallon wani wuri taya na kallon wani, to, wani abu ya lanƙwashe a gaba. A sauke fasinja, a lallaɓa da shi zuwa wurin makaniki mafi kusa.